Ƙwan jimina, na katako, na yumɓu ko kujerar lilo: wanne ya dace da ɗakin amarya a Kumasi?

Saura wata uku bikin 'yar ƙanena ta shigo gidana a unguwar Aboabo ta Kumasi, ko zama ba ta yi ba ta miƙo mini waya. "Goggo, duba ki gani, irin wannan nake so a jerena." Hotunan ɗakuna ne ta tara daga Instagram da Pinterest. Da na ƙura ido sai na ga abu ɗaya ne yake ta dawowa a cikinsu: tulun furanni mai siffar ƙwai, fitila mai siffar ƙwai, madubi mai faɗin gindi da tsukakken kai, sai wata kujera a rataye kamar an raba ƙwai biyu an zuba matasai a ciki. Ta ce shi ake yayi yanzu.

Na ce mata, "'Yata, wannan yayin ya girme ki, ya girme ni." Mu da muke ce wa abin da ke haska mana ɗaki ƙwan lantarki, kafinsa ma gilashin fitilar kananzir ƙwai muke ce masa, ai ba yau muka fara zama da ƙwai a ɗaki ba. Babban masallacin Jenne na ƙasar Mali, wanda ginin da ke tsaye yanzu aka yi shi a 1907, ƙwan jimina ne a kan tsinin hasumiyoyinsa. A masallacin Sulaimaniyya na Istambul, da aka gama a 1557, an rataye ƙwan jimina a tsakanin fitilu, mutanen can kuma suna cewa yana hana gizo-gizo yin saƙa. Ko a Alƙur'ani, aya ta 49 ta Suratus Saffat ta kamanta matan Aljanna da ƙwai ɓoyayye, malaman tafsiri da yawa kuma sun ce ƙwan jimina ne da ta rufe da gashinta.

Don haka ban hana ta ba, na ma ji daɗin zaɓin. Siffar ƙwai ba ta da kusurwar da za ta fasa wa yaro goshi, ba ta kuma da kai da ido, balle wani malami ya shigo falo ya ga gunki. A garin da rabin kayan sassaƙa surar mutum ne ko ta dabba, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga gidan Musulmi. Abin da ya rage shi ne da me aka yi ƙwan, domin a nan ne kuɗi ke tafiya a banza ko ya yi amfani. Mun yi makonni muna zagaye, kuma da ke nake magana, wadda za ta yi jere ko za ta gyara falonta.

Na fara da ƙwan jimina na gaske don shi na fi sani. Ina da guda ɗaya da na gada wurin mahaifiyata, yana cikin shoglas tun ina budurwa. Tsawonsa kamar santimita 15 ne, kaurin ɓawon kuwa wajen milimita 2. Da cikinsa, ƙwan jimina kan kai kusan kilo ɗaya da rabi, ya ɗauki abin da ƙwan kaza 24 za su ɗauka. Kyansa ba a fenti yake ba. Launinsa na madara ne mai ɗan duhu, jikinsa na da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo, yana kuma da wani sheƙi na kansa da babu masana'antar da na ga ta kwaikwaya daidai. Damina ba ta dame shi ba, hunturu bai dame shi ba, gara ba ta cin sa. Ƙyalle mai ɗan laima ya ishe shi gyara. In aka huda shi da ƙananan ƙofofi aka sa ƙwan lantarki a ciki, hasken da yake watsawa a bango abin kallo ne, amma sai da ƙwan LED mara zafi.

Aibinsa biyu ne, kuma duka manya. Na farko, faɗuwa ɗaya a kan tayil ta gama da shi. Yana da ƙwari a hannu, amma ƙwai da dutse ba sa haɗa hanya, kuma babu gam ɗin da zai ɓoye tsagar. Na biyu shi ne asalinsa. Jiminar daji ta yi ƙaranci ƙwarai a Afirka ta Yamma, har yarjejeniyar CITES ta kayyade cinikin namun daji, wadda Gana ke cikinta, ta sa jiminun Nijar, Nijeriya, Burkina Faso, Mali, Chadi da wasu maƙwabtansu a rukuni na ɗaya, wanda aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. To in mai talla ya ce miki daga dajin arewa aka ɗebo shi don ya ƙara masa daraja, wannan dalilin barinsa ne. Wanda ya halatta shi ne na gonar kiwo, irin gonakin Oudtshoorn na Afirka ta Kudu, inda kiwon jimina ya zama sana'a tun ƙarni na 19. Ki tambayi inda ya fito. A ganina ƙwan jimina na mai kabad ɗin gilashi ne mai makulli. Amarya da za ta zauna a ciki da falo, gidan haya, 'ya'yan maƙwabta na shiga suna fita, ta haƙura tukuna.

A kan katako muka fi daɗewa, kuma shi ne zan fi tsaya miki a kai, don nan Kumasi gidansa ne. Hanya biyu ce. Ko ki hau tirotiro, wato ƙaramar bas ta haya, ta hanyar Mampong ki sauka a Ahwiaa wurin masassaƙa, ko ki je Sokoban inda aka mayar da kafintocin Anloga. Aikin nasu ya bambanta. Masassaƙin Ahwiaa da gizago da wuƙa yake aiki, ƙwansa zai fito da sawun hannu, gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya, zai kuma iya zana miki alamar adinkra, wato zanen gargajiya na Asantawa, ko dagi a jiki. Mai injin juya katako, irin masu yin ƙafar tebur da ta gado, shi zai ba ki ƙwai sumul wanda ko ta ina kika juya shi daidai yake, irin na hotunan da yarinyar ta nuna mini. In sumul kike so, kada ki wahalar da masassaƙi. In mai zane kike so, kada ki je wurin mai inji.

Irin itacen ya fi hannun mai aikin muhimmanci. Sese, wanda ake sassaƙa kujerun gargajiya na Asantawa da shi, fari ne, mai laushi, mai sauƙin aiki, amma ba shi da nauyi kuma yana saurin lotsawa. Wawa, haka sunansa yake a bakin masu katako, ya fi shi araha, sai dai ƙwaro na son sa. In kika fara ganin gari kamar na masara a ƙarƙashin abin, to an riga an shiga cikinsa. Odum, wanda Hausawa ke ce wa loko, da tik da mahogani su ne masu ƙarko, suna kuma da jijiyoyi masu kyau da ba sa buƙatar rini. Ki lura da baƙin ƙwai mai ƙyalli da za a ce miki baƙin itace ne na asali. Sau da yawa farin itace ne aka rina aka goge da man takalmi. Ba laifi ba ne in an faɗa miki gaskiya an kuma sayar a kuɗinsa. Ki ɗaga shi ki ji nauyi, ki juya gindinsa ki danna farce. Itace mai ƙarfi ba ya karɓar farce.

Ga wani abu da na koya da kuɗina. Shekarun baya na sayi ƙaton akushi wurin wani mai sassaƙa a tsakiyar damina, yana ta sheƙi. Da hunturu ya shigo a Disamba, wata rana da dare muka ji ƙara, da safe na tarar ya tsage daga baki har gindi. Ɗanyen itace ne aka sassaƙa. Dunƙulallen abu irin ƙwai ya fi akushi shiga wannan haɗari, saboda bayansa na bushewa ya tsuke alhali cikinsa na nan da ruwa, sai ya buɗe. Maganinsa uku: a yi shi da busasshen katako, a kauce wa zuciyar itacen wato tsakiyarsa, in kuma babba ne a rarake cikinsa ta gindi. Ni dai da zan ba da shawara, ki saya a ƙarshen Janairu ko a Fabrairu. Wanda ya ga hunturu bai tsage ba ya riga ya ci jarrabawa. A riƙa shafa masa ɗan man kaɗe sau biyu a shekara, a kuma ce wa mai aikin ya daddale gindin ko ya yi masa zoben zama, don kada ya gangara. Ƙwan katako ko ya faɗo ba abin da zai same shi sai ɗan tabo, in ya dushe a goge shi ya dawo sabo. Shi kaɗai ne a cikin duk waɗannan zan bar jariri mai rarrafe ya taɓa hankalina kwance, muddin ya fi ƙarfin bakinsa.

A hanyar Ahwiaa ɗin za ki wuce Pankrono, garin da aka san matansa da ginin tukwane. Yumɓu ya fi komai dacewa da wannan siffa, domin randa da tulu ma ai 'yan'uwan ƙwai ne. Baƙar tukunya da hayaƙi ya rina, irin launin asanka, kaskon da ake niƙa kayan miya a ciki, in aka gina ta doguwa mai tsukakken baki, ta fi yawancin tulunan kanti kwarjini, kuɗinta kuma bai kai nasu ba. Sai dai gashin gargajiya ba ya kai zafin da zai toshe jikin tukunya, don haka tana tsatsafo da ruwa. In kika zuba ruwa kika sa furanni, zai yi wa teburinki zobe. Ki sa kwalba a ciki, ko ki tsaya ga busassun ciyayi da reshe. Mai son tangaran mai santsi da ke riƙe ruwa ta leƙa Cibiyar Al'adu ta Kumasi, ko ta nemi aikin waɗanda suka koyi ginin tangaran a jami'ar KNUST. Yumɓu na fashewa, gaskiya ne, amma bambancinsa da ƙwan jimina shi ne gobe za ki koma a gina miki wani. Babba a ajiye shi a ƙasa a lungu, a zuba yashi a gindinsa don ya zauna daram.

Tagulla ba zan ja ta da nisa ba. Maƙeran Krofofrom suna zubi da kakin zuma, dabarar da aka yi ma'aunan zinariya na Asante da ita, kuma za su iya yi miki ƙaramin ƙwai mai huda-huda. Ba ya fashewa, jikoki ma za su gada. Amma laimar Kumasi na dusar da shi, sai an riƙa goge shi da lemon tsami da toka kamar yadda iyayenmu ke yi wa tasoshin jere, kuma da ya ƙara girma kuɗin ke tashi. Ƙarami ɗaya a gefen babban na katako ya wadatar.

Akwai kuma waɗanda suka cika shagunan kayan ado a Adum da Kejetia, masu ruwan zinariya da duwatsun gilashi, ana buɗe su kamar akwatin zobe. Kwaikwayon ƙwayayen Fabergé ne, maƙerin da ya fara yi wa Sarkin Rasha Alekzanda na Uku a 1885 don ya ba matarsa kyautar Ista, aka kuma yi wa gidan sarautar kimanin 50. Na asalin suna gidajen tarihi da hannun manyan attajirai. Na kasuwa kuwa ƙarfe ne mara daraja ko roba da aka fesa wa ruwan gwal. Ranar jere za su ɗauki ido, ban musa ba. Bayan damina biyu sai ruwan ya fara baƙi, duwatsun su fara zubewa, ba kuma mai gyara su. Araha ba ta ado, waɗannan ma ba su da wata arahar kirki.

Kujera ce ta jawo mana doguwar muhawara, don ita yarinyar ta fi ƙwallafa rai a kai. Iri biyu ne ake haɗawa a suna ɗaya. Akwai wadda Arne Jacobsen, ɗan ƙasar Denmak, ya tsara a 1958 don wani otal a Kopanhegan, mai ƙafa ɗaya da dogon baya da ke rungume mai zama, kamfanin Fritz Hansen ke yin ta har yau a kan dubban daloli. Kwaikwayonta da ke shigowa nan soso ne da leda ko yadi mai kauri, kuma kujerar da aka yi a ƙasa mai sanyi, a zafin Maris na Kumasi gumi kawai za ta tara miki, balle an ɗauke wuta fanka ta tsaya. Ta biyun ita ce ta lilo, saƙar kwagiri, wadda Nanna Ditzel da mijinta Jørgen suka fitar a 1959. Wannan ta fi dacewa da mu nesa ba kusa ba, iska na ratsa ta, masu saƙar kwagiri na bakin titi a Kumasi da Akra kuma sun iya ta.

Duk da haka na tambaye ta, "A ina za ki rataye ta?" Yawancin gidajen hayarmu a Aboabo, Asawase da Sabon Zango rufin kwano ne da silin na falanki, ba abin da zai ɗauki nauyin mutum. Sai mai rufin kankare, shi ma sai maigidan haya ya yarda a huda. In kuwa mai ƙafar ƙarfe ce, gindinta kaɗai na cin wajen mita ɗaya, ga filin da za ta yi lilo gaba da baya. A falon da za a sa kujeru, tebur, talabijin da firji, a kuma bar wurin shimfiɗa sallaya, kujerar mutum ɗaya ta cinye wurin mutum uku. Ranar suna ko gaisuwar Sallah za ki ji haushinta. Yara kuma lilo za su mayar da ita, ba mai hana su.

Wadda ke da baranda ko babban falo, ga bambancin da zan nuna mata. Kwagiri na gaske ya fi kyau da sanyin zama, ana kuma iya gyara shi in wani wuri ya warware, amma ba ya son ruwa. A damina yana yin fumfuna in iska ba ta ratsa wurin, a hunturu yana bushewa ya yi ƙara. Na roba da aka saƙa a kan ƙarfe ya fi jure feshin ruwa, sai dai rana na gasa shi ya riƙa karyewa, ƙarfen kuma na tsatsa ta wurin walda, in ya lalace kuwa sai juji. Cikin ɗaki, kwagiri. Waje, roba, a inuwa. Kowanne kika ɗauka, ki zauna a ciki kafin ki biya, ki duba ƙugiya da sarƙar, ki kuma tabbata rigar katifar ana cire ta a wanke.

Hanya mafi sauƙi duka ba ma sai an sayi ƙwai ba. Mai yankan gilashi zai yanka miki madubi a wannan siffa in kika kai masa zanen a kwali, kafinta ya yi masa baya. Madubi ba ya cin ƙasa, yana kuma ƙara wa ƙaramin ɗaki haske. Masu saƙar kwandon Bolga suna yin murfin fitila mai wannan zubi, duma ma in aka zaɓi mai kyau aka huda shi yana yi. Zanen ƙwai a labule ko zanen gado kuwa ban goyi baya ba, yana mayar da ɗakin amarya kamar na yara.

Akwai wata magana da ba za ki same ta a hotunan waya ba, don masu ɗaukar su ba a Kumasi suke zaune ba. Ƙwai a nan yana da ma'ana. A kan sandar mai magana da yawun sarki a Asante akan ga hannu riƙe da ƙwai, ma'anarsa mulki kamar ƙwai yake, ka matse ya fashe, ka sassauta ya faɗi. Ana cin sa da eto, wato dakakkiyar doya ko ayaba da manja, a ranakun murna, ana kuma kai shi wuraren bautar gargajiya. Mu kanmu a Zango, in aka tsinci ƙwai a bakin ƙofa ko a mararraba, kowa ya san abin da zuciya ke rayawa. To kwano cike da fararen ƙwayaye masu girman na kaza a ƙofar amarya, a gidan da ake zaune da mutane iri-iri, neman magana ne, balle a ce da rubutu a jikinsu. Dangin miji ba za su tambaye ki ba, a bayanki za su yi zancen. Shi ya sa na fi son babba guda ɗaya, wanda jijiyar katako ko baƙin yumɓu ke nuna wa kowa cewa ado ne. Masu launi-launi da hoton zomo kuma kayan bikin Ista ne na maƙwabtanmu Kirista, ki san abin da kike ɗauka.

A ƙarshe abu uku muka tsayar. Madubi a bangon da ke kallon taga, ƙwan tik guda ɗaya mai tsawon kamu biyu da mai inji ya juya ya rarake cikinsa, da baƙin tulun yumɓu a lungu kusa da labule. Kujerar ta haƙura da ita bayan mun je gidan da igiyar awo ta ga abin da zai rage mata na fili. Da muke dawowa ta ce, "Goggo, ƙwan Hajiya fa, na cikin shoglas?" Na ce nata ne in Allah ya yarda, amma zai ci gaba da zama a wurina har ranar da ta sa kabad mai makulli.